Shirya ƙaramar mota mai fowil domin hanyar daji: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ƙananan motoci masu fowil, wato masu ja da tayoyi huɗu, suka fi yi idan suna son motar ta riƙa shiga inda kwalta ta ƙare, ko gona ce, ko ruga, ko kasuwar ƙauye da damina. Yawancin misalan daga Suzuki Jimny da yayarta Samurai aka ɗauko su, domin su aka fi yi wa irin wannan aiki a duniya, amma ƙa'idojin sun shafi sauran ma.

Wace mota ce "ƙarama mai fowil"? RAV4 ɗina tana ciki?

Iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Akwai wadda aka ƙera domin daji tun asali: tana da shasi na ƙarfe daban da bodi, tana da ogzilari mai 4L, wato giyar da ke rage gudu ta ninka ƙarfi. A nan Jimny take, wadda Suzuki ya fara fitarwa a 1970 da ɗan inji mai cc 359, da SJ410 ta 1981, da SJ413 wadda Amurkawa suka sani da Samurai, da Gypsy da kamfanin Maruti ya riƙa haɗawa a Indiya, da tsohuwar Vitara ta 1988. Lada Niva ta Rasha, wadda ta fito a 1977, ba ta da shasi daban, amma tana da 4L, kuma ta cancanci zama a wannan layi.

Iri na biyu motar gari ce da aka ɗan ɗaga aka ba ta fowil: RAV4 wadda ta fito a 1994, da Honda CR-V, da makamantansu. Ba su da 4L. Kuma kafin ka kashe ko sisi, leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko akwai farfela da ta tafi baya. 'Yan Kwatano da yawa da suka fito daga Amurka tayoyin gaba kaɗai suke ja, duk da cewa jikinsu iri ɗaya ne da masu fowil.

Ga Hilux ga Land Cruiser, me zai kai mutum ga ƙaramar mota?

Rashin nauyi. Jimny ta 2018 nauyinta kimanin kilo 1,100 ne, Land Cruiser kuwa ta haura ninki biyun haka. A yashi da taɓo, mota mara nauyi tana wucewa ta sama inda mai nauyi take nutsewa, kuma in ta kafe, mutum huɗu ko biyar sun isa su fitar da ita. Gajarta ma riba ce: tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.25 ne kacal, saboda haka cikinta ba ya saurin zama a kan tudu, tana kuma bin hanyar amalanke da babbar mota ba za ta shiga ba.

Duk abin da za a faɗa a ƙasa daga nan ya taso. Kowane gyara da za ka yi, ko dai ya ƙara mata nauyi ko ya ƙara mata tsawo, kuma dukansu biyu suna cin wannan ribar. Jaki ya fi raƙumi iya bin lungu, amma wanda ya ɗora masa kayan raƙumi ya kashe jakinsa.

To da me zan fara?

Da gyaran abin da ya riga ya lalace: boris, bushin, tayarod, shok, birki, lagireto. Bayan haka taya. Bayan taya, gejin auna iskar taya da famfon iska. Sai kayan fitar da mota in ta kafe, sai farantin kare ciki. Ɗaga mota, winci (na'urar da ke naɗe igiya ta jawo mota in ta kafe) da manyan fitilu su ne na ƙarshe, kuma mutane da yawa in suka yi na farkon sai su ga ba su bukatar na ƙarshen. Abin takaici, akasarin masu mota daga ƙarshen suke farawa, domin shi ne ake gani daga nesa.

Wace irin taya ta dace?

Za ka ga HT, AT ko MT a jikin taya. HT ta kwalta ce. MT mai manyan haƙora ta taɓo ce: tana da ƙara a kwalta, tana shan mai, ba ta kama jiƙaƙƙen titi da kyau, a yashi kuma tana tona rami ta binne kanta in direba ya cika totur. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji, AT ce tasa. MT sai ga wanda aikinsa cikin fadama yake ko laka mai danƙo irin firgin Borno, wadda ke cika haƙoran AT ta mai da ita sumul.

A ƙasarmu ƙarfin gefen taya ya fi zanen haƙoranta muhimmanci. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da kututturen kara bayan girbi, gefe suke hudawa, hujin gefe kuwa ba ya facuwa yadda za a amince da shi. Taya mai alamar LT ta fi kauri, sai dai ta fi nauyi da tauri, don haka kada ka ɗauki mafi kaurin da aka yi wa motar ɗaukar kaya.

In gwanjo za ka saya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara shida, ko haƙoranta na nan, robarta ta bushe, kuma rage mata iska a yashi zai tsattsaga ta. Araha ba ta ado. Kuma duka biyar, har da safaya, su zama girma ɗaya.

Zan iya sa taya da ta fi ta kamfani girma?

Za ka iya, amma yi lissafi tukuna. Jimny ta 2018 tana zuwa da taya mai lamba 195/80 R15, tsayinta milimita 693. In ka koma 215/75 R15, tsayin ya zama kusan 704, bambancin kaɗan ne, kuma yawanci tana shiga ba tare da an taɓa komai ba. In ka hau 235/75 R15, tsayin ya kai kusan 734. An ƙara milimita 40 ke nan, amma rabinsa kaɗai, wato milimita 20, shi ne abin da tulun aksul, wato kumburin da ke jikin aksul mai raba wa tayoyi ƙarfi, ya ƙaru daga ƙasa.

Wannan santimita biyu ba kyauta ba ce. Tayar ta fi ta asali da kusan kashi 6 cikin ɗari, saboda haka maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi da wannan gwargwado, ƙarfin tashi zai ragu da gwargwadon haka, giya ta biyar za ta yi sanyi a hawa, birki zai ƙara wahala, mai zai ƙara tafiya. A injin lita 1.3 ko 1.5 ana jin wannan nan take. Taya mai inci 31 kuwa sai an yanke madigadi, an sauya haƙoran giya, kuma ƙananan sandunan aksul na gaba suna fara karyewa.

Duk da haka, taya ce kaɗai take ɗaga tulun aksul daga ƙasa a motar da aksul ɗinta sanda ɗaya ce. Sifirin ba ya yin wannan ko kaɗan.

An ce a rage iska a yashi. Ba lalata taya ba ne?

Wannan shi ne gyara mafi amfani a duk shafin nan, kuma ba a biyan ko kwabo. In ka rage iska, tafin tayar da ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu, sai ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Direbobin da ke bin hanyoyin Agadas da na yankin Yusufari a Yobe sun daɗe da sanin haka.

Ƙaramar mota irin Jimny geji 26 ko kusa da haka kamfani ya rubuta mata a kwalta, duba takardar da ke jikin ƙofar direba. Masu faci da yawa kuwa 40 ko 45 suke ɗura wa kowace mota, shi ya sa take tsalle a gargada tana kafewa a yashin da bai kai ya kawo ba. A burji mai gargada, sauko zuwa 20 ko 22. A yashi mai laushi, 15 zuwa 16. In ta riga ta kafe, kana iya sauka har 10 ko 12 domin ka fita kawai.

Sharuɗɗa biyu ne. Da ƙarancin iska ba a gudu kuma ba a karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba tayar ta zame daga wili. Sannan da zarar ka hau kwalta ka mayar da iskar, domin taya mara iska a guje tana zafi ta fashe. Wannan ne dalilin da ya sa famfon iska mai aiki da batir yake cikin kayan da ake fara saya. Sayi mai kama bakin batir kai tsaye. Ƙananan da ake sawa a ramin sigari suna ƙonewa kafin su cika taya ta uku.

Inci nawa ya kamata a ɗaga motar?

Inci biyu, wato milimita 50, shi ne iyakar da mai hankali zai tsaya a kai in motar za ta ci gaba da hawa titi da iyali. Kuma a yi shi da sifirin da shok da aka ƙera domin wannan motar, a matsayin saiti ɗaya.

Ɗagawa ba sauya sifirin kaɗai ba ne. A Jimny ta 1998 zuwa yau, wadda ke da sifirin mai naɗi, in bodi ya yi sama sai aksul ta ɗan karkata gefe ɗaya, domin sandar da ke riƙe ta ta gefe ta gaza tsawo. Akan sa mai saiti. Hannuwan da ke riƙe aksul ta gaba suna juya ta, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a titi. Akan gyara wannan da bushin na musamman ko wasu hannuwan. Tiyon birki yana iya gaza tsawo ya tsinke lokacin da taya ta faɗa rami. Farfela tana ƙara karkata, ta fara rawa. Wanda ya ce maka zai ɗaga motar da awa ɗaya bai duba ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Abin da ɗagawa ke ba ka shi ne wurin babbar taya, da nisan bamba da ciki daga tudu. Jimny ta 2018 ta riga ta zo da milimita 210 tsakaninta da ƙasa, hancinta na iya fuskantar hawa mai digiri 37, bayanta 49. Hanyoyin gona kaɗan ne suka fi ƙarfin wannan.

Makanikena ya ce zai ƙara falle a sifirin, ko mai walda ya ƙara wa maratayin da ke haɗa sifirin da shasi tsawo. Ya halatta?

Ƙarin falle ɗaya a baya ga Samurai da ke ɗaukar kaya ba laifi, sai dai za ta yi tauri, kuma sifirin mai tauri ba ya barin taya ta bi ƙasa, wanda shi ne abin da ake nema a daji. Dogon marataya yana ɓata saitin sitiyari. Akwai kuma masu mayar da sifirin saman aksul maimakon ƙarƙashinta, abin da ke ɗaga Samurai inci huɗu zuwa biyar a tashi ɗaya. A Amurka an yi wannan sosai, amma a motocin wasa da ake ɗauka a tirela zuwa wurin hawan duwatsu. Bai dace da motar da za ta kai yara makaranta ba.

Abin da ba a yi sam: walda a sandar sitiyari ko tayarod, gasa sifirin da wuta, ko cusa guntun ƙarfe tsakanin naɗinsa.

Gaskiya ne waɗannan motoci suna saurin kifewa?

Suna da tsawo, ba su da faɗi, gajeru ne kuma, saboda haka ba a tuƙa su kamar Corolla. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce Samurai ba abar karɓa ba ce domin tana iya wuntsilawa in aka kauce wa abu da sauri. Cinikinta ya faɗi warwas. Suzuki ya kai ƙara a 1996 yana cewa an yi gwajin da son rai, aka sasanta a 2004. Ko wane ne mai gaskiya, wannan rigima a kan motar da ba a taɓa ba aka yi ta. Ka ɗaga ta inci huɗu, ka ɗora jarkoki a sama, ka ga inda aka dosa.

A gangare, a hau a miƙe, a sauka a miƙe da 4L da giya ta ɗaya. Ratsa gefen tudu a karkace shi ke kifar da mota.

Tun da na sa manyan tayoyi, sitiyari yana kakkarwa in na kai wani gudu. Mene ne?

Sananniyar cuta ce ga motoci masu aksul sanda ɗaya a gaba, Jimny kuma ta yi suna da ita. Yawanci tana tashi tsakanin gudun kilomita 70 da 90 a awa, sau da yawa bayan an daki rami. A fara duba boris ɗin da ke sama da ƙasan gwiwar aksul, inda taya ke juyawa. Ruwa da ƙura suna cinye su. Sai bushin, sai tayarod, sai balans na taya, har da busasshiyar lakar da ta maƙale a cikin wili. Sa wa sitiyari shok yana rufe alamar ne kawai, cutar tana nan.

Ina son bamba na ƙarfe, da kariyar ɗora kaya a sama, da jarkoki. Akwai matsala?

Ɗauko biro. Iyakar nauyin da aka yarda Jimny ta 2018 ta kai da komai a cikinta kilo 1,435 ne. Cire nauyinta, abin da ya rage ɗan sama da kilo 300 ne. Manya huɗu masu kilo 70 sun cinye 280. Bamba na ƙarfe da winci suna kai kilo 60 ko fiye, kuma duk a kan hanci. Jarkar fetur mai lita 20 kusan kilo 20 ce. Ba ka sa abinci, ruwa ko buhu ɗaya ba, ka riga ka wuce iyaka.

Rufin kuma kilo 30 kacal kamfani ya yarda a ɗora masa, har da nauyin kariyar kanta. Saboda haka sama ta tabarma ce da katifa da farantan da ake sawa ƙarƙashin taya in ta kafe a yashi. Mai, ruwa da kayan aiki su zauna ƙasa, tsakanin tayoyi, a ɗaure. In ku biyu ne, cire kujerun baya.

Bamban da mai walda ya haɗa da bututun ruwa yana da wata illa: bamba na kamfani an yi shi ne ya lanƙwashe ya sha dukan, na bututu kuwa yana miƙa dukan ga shasi da mutanen ciki, yana iya rikita jakar iska, kuma in mai babur ya gamu da shi abin ba kyau. Farantin kare kaskon baƙin mai, da akwatin ogzilari, da tankin mai ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, ga shi nauyinsa a ƙasa yake.

Me zai hana in bar ta a fowil kullum?

Jimny, Samurai da tsohuwar Vitara ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. In ka sa 4H, aksul biyun a ɗaure suke. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A yashi bambancin yana zamewa, a kwalta kuwa yana taruwa a farfela da akwatin ogzilari har wani abu ya karye. 2H, wato jan tayoyin baya kaɗai, a kwalta, 4H a yashi da burji mai santsi, 4L a hawa, gangare, duwatsu da taɓo, kuma a tsaya cak kafin a sa shi. A sa fowil kafin a shiga wurin, ba bayan an kafe ba. Niva da Daihatsu Terios daban suke, nasu fowil ɗin kullum a kunne yake.

A Samurai sai ka sauka ka murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba. A Jimny iska ce ke kulle su ta wasu siraran tiyo, kuma in tiyon ya tsage, fitila za ta iya nuna fowil alhali gaba ba ya ja. Shi ya sa wasu ke mayar da su na hannu.

Na sa fowil amma taya ɗaya tana juyawa a banza, motar ba ta motsi.

Aikin tulun aksul ke nan: yana barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, sai dai in ɗaya ta rasa abin kamawa, can ƙarfin yake tafiya. Maganin shi ne makullin aksul, wanda ake kunnawa da maɓalli ya ɗaure tayoyin biyu, kamar mai aiki da iska na kamfanin ARB na Ostareliya. Na baya kaɗai ya isa, kuma ya fi ɗaga mota sauya abin da za ta iya. Jimny ta 2018 tana da kwamfutar da ke taka wa tayar da ke zamewa birki, wanda ke rage bukatar makullin.

Masu walda suna iya narke haƙoran tulun su haɗe su har abada. A motar gona da ba ta hawa titi, wataƙila. A kwalta za ta riƙa cin taya, tana turjewa a kwana, kuma ranar ruwan sama tana iya juyawa da kai.

Injin ba shi da ƙarfi. In sauya shi?

Kafin inji, duba giya. 4L na Samurai yana ninka ƙarfi sau 2.27, kuma ana sayar da haƙoran akwatin ogzilari da ke kai shi 4.16 ko ma 6.5. Da su motar za ta riƙa rarrafe a kan dutse ba tare da an ƙona kulochi ba. A daji tafiya a hankali ake bukata, ba gudu ba.

A watan Afrilu na 2007 wasu 'yan ƙasar Chile biyu, Gonzalo Bravo da Eduardo Canales, suka hau dutsen Ojos del Salado da tsohuwar Samurai da suka gyara, har tsayin mita 6,688, suka karɓe kambun wuri mafi tsayi da mota ta taɓa hawa, wanda Jeep ke riƙe da shi. Tsayi yana cin ƙarfin injin da ba shi da turbo, kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, don haka mai hawa Mambila zuwa Gembu zai ji motarsa ta yi sanyi, kuma ba lalacewa ta yi ba.

In dole sai an sauya, sanannen sauyi shi ne injin Vitara mai lita 1.6 a cikin Samurai, domin dangi ɗaya ne. Babban inji na wata mota zai nauyaya hanci ya kuma karya giyabos da aksul da ba a yi su dominsa ba.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi zai sa in ratsa kogi?

Zai hana inji shan ruwa, in an toshe duk mahaɗansa da kyau. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kofi ɗaya in ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Amma bututun bai kare kwamfutar mota, da altaneta, da wayarin ba. Kuma akwai abin da ake mantawa: tulun aksul, giyabos da akwatin ogzilari kowanne yana da ɗan hancin numfashi. Ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta nan. Ƙara musu siririn tiyo zuwa saman ɗakin inji aiki ne mai araha ƙwarai. Bayan kowace ratsawa mai zurfi a duba man giya. In ya koma fari-fari kamar madara, a zubar.

Rashin nauyin da ya taimake ka a yashi shi ne abokin gabarka a ruwa. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci. A mashigin da ba ka sani ba, jira ka ga wani ya wuce, ko ka tambayi mutanen wurin. In ruwan ya fi ƙarfin mutum ya ratsa da ƙafa, ya fi ƙarfin motar. In inji ya mutu a ciki, kada ka sake tayar da shi.

Ƙura da zafi fa?

A nan bututun ya fi amfani a ƙasarmu, domin yana shaƙo iska daga sama, nesa da ƙurar taya. Da hunturu a riƙa duba matatar iska a kai a kai, a kakkaɓe ta a hankali. Busa ta da iska mai ƙarfi yana huda takardar.

Tafiya a yashi da ƙaramin giya tana dafa inji. Kada ka yarda a cire tamostat mai daidaita zafin inji, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da murfi, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya. Da kaka, 'ya'yan ciyawa suna toshe lagireto, ragar sauro ta ƙarfe a gabansa tana maganin wannan. Busasshiyar ciyawa kuma tana taruwa kusa da salansa da kan farantin kare ciki, tana iya kama wuta, don haka a riƙa leƙawa ana cirewa.

Winci dole ne?

Winci sai da abin da za a ɗaura shi, a fili mai yashi kuwa sau da yawa babu bishiya. Shebur mai dogon hannu, faranti biyu na sawa ƙarƙashin taya, jak da katako mai faɗi da zai zauna a kai, da igiyar ja mai kyau sun fi fitar da mutane. In za ka saya, ƙa'idar ita ce ƙarfinsa ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Ga Jimny, mai iya jan nauyin fam 6,000, kimanin kilo 2,700, ya wadatar, kuma mai igiyar roba ya fi mai waya sauƙin nauyi da haɗari.

Wurin ɗaura igiya shi ne batun rai da mutuwa. Ƙwallon jan tirela ba wurin ja ba ne, yana tsinkewa ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota na ɗaure ta a jirgin ruwa ne. A sa maɗaurai na musamman da noti masu ƙarfi a jikin shasi. Kada babbar mota ta fizgi ƙarama da gudu, kada a fizga da sarƙa, kuma 'yan kallo, musamman yara, su ja baya fiye da tsawon igiyar.

Da ka ji tayoyi sun fara tona, ɗaga ƙafa daga totur. Gwada baya a kan sawunka, rage iska, share yashin gaban tayoyi.

Mu masu RAV4 da CR-V, ba abin da za mu yi ke nan?

Akwai: taya AT daidai girman ta kamfani ko sama kaɗan, farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, geji da famfo. Ɗagawa kada ta wuce milimita 30 zuwa 40, domin sandunan da ke juya tayoyin gaba suna karkata su yage robarsu. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da maɓallin kulle fowil, amma yana sakin kansa in gudu ya wuce kilomita 40. Giyar otomatik tana zafi a dogon yashi, a riƙa tsayawa tana hucewa. Za ta kai ka ƙauye da rani lafiya lau. Hanyar da manyan motoci suka tona da damina kuwa ba tata ba ce.

Hukuma fa?

In ka sauya inji ko launin mota, a gyara takardu, domin jami'an VIO da na FRSC suna duba lamba. Ka sanar da kamfanin inshora abin da ka sauya. Manyan fitilun sama na daji ne, kunna su a titi makantar da mai zuwa ne. A haɗa su da fis da maɓallinsu daban. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, saboda haka Pajero Mini da Jimny da aka yi domin kasuwar Japan sai an juya musu sitiyari. In irin wannan za ka saya, a ɗaga ta a duba yadda aka ɗaure akwatin sitiyarin da bututun birki kafin ka biya.

In na gama duk wannan, zan iya shiga Sahara da ita, kamar Agadas zuwa Bilma?

Yashin ba zai gagare ta ba, kayan ne za su gagare ta. Tankinta lita 40 ne, a yashi kuma shan mai yana ƙaruwa ƙwarai, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce ba gidan mai, ga ruwan sha na kwanaki. Man da ruwan da ake bukata sun fi abin da aka yarda ta ɗauka. Shi ya sa Land Cruiser da Hilux suka riƙe wannan hanya, kuma su ma a ayari suke tafiya da wanda ya san ƙasar, bayan an nemi izinin hukuma saboda tsaro.

Me zan duba bayan na dawo daga daji?

Mayar da iska, cire fowil, wanke laka daga cikin wili da birki da lagireto. Bi notin taya, na shok da na farantin ciki da sifana, domin gargada tana kwance su. Duba gefen tayoyi ko akwai ƙaya ko kumburi, sa giris a mahaɗan farfela, ka kama kowace tayar gaba sama da ƙasa ka girgiza bayan ka ɗaga ta da jak. In ta yi motsi, boris ne, a sauya shi kafin tafiya ta gaba.